Takardar Da Ke Magana Da Yawun Mai Ita

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau zancen wata 'yar takarda muka kawo muku. Takarda ce da mai buƙata ta musamman zai riƙa tafiya da ita. Idan asibiti ya je, ya miƙa wa likita ko nas. Idan makaranta ce, ya ba malami. Haka a banki, haka a wurin aiki. Abin da ke cikinta bai wuce yadda za a yi magana da shi ba, da irin taimakon da yake buƙata, da abin da in aka yi masa zai cutu. Shafi ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. Ba ofis ake zuwa a karɓo ta ba, ba ta kuma jiran hatimin kowa. Mai ita ne ke rubuta ta, in kuma ba ya rubutu, a ɗauka daga bakinsa ko daga hannunsa a rubuta masa. A Birtaniya, inda abin ya fi kafuwa, wasu na ce mata fasfon asibiti, wasu fasfon sadarwa. Mu dai a shirin nan takardar bayanin kai za mu kira ta.

Kada a haɗa ta da katin shaidar nakasa. Shi katin shaida aikinsa ya tabbatar wa hukuma cewa wane kurma ne, wance makauniya ce, domin a ba su haƙƙin da doka ta tanada, kuma yana da muhimmancinsa. Amma kati ba zai gaya wa nas ɗin da ta karɓi aikin dare cewa yarinyar da ke gadon ƙarshe tana ƙwarewa idan aka ba ta ruwa a kwance ba. Wannan kuwa aikin takardar bayanin kai ne.

Asalin abin daga Sikotilan ne. A 1991 wata ƙwararriya a fannin koyar da magana, Sally Millar, tana aiki a wata cibiya ta Jami'ar Edinbura mai suna CALL, wadda ke taimaka wa yaran da magana ke yi wa wuya. Ga abin da ke samun irin waɗannan yara. Uwa ta san ɗanta ciki da bai. Ta san idan ya ɗaga ido sama ya yarda ne, idan ya kau da kai ya ƙi. Malamar ajinsu sai ta shafe watanni kafin ta laƙanci wannan. Shekara na ƙarewa sai a kai shi sabon aji, ko malamar ta samu canjin wurin aiki, duk ilimin nan ya bi ta. Sabuwar malama ta faro daga tushe, yaro kuma ya koma tamkar bai taɓa gaya wa kowa komai ba. Fayil akwai shi, amma masana ne suka rubuta shi don masana, cike yake da jerin abin da yaron ba ya iyawa, kuma yana ofis a kulle. Sai ita Sally Millar ta kawo shawarar a yi wa kowane yaro ɗan littafi nasa na kansa, mai hotuna, cikin sauƙin harshe, wanda zai bi shi duk inda ya sa ƙafa. Aka kuma tsara a rubuta shi da muryar mai shi, wanda a ganina shi ne ruhin abin gaba ɗaya. "Sunana wane. Idan na rufe ido na gaji ne, a ɗan saurara mini." Duk wanda ya karanta irin wannan magana ya san da mutum yake hulɗa.

Daga makaranta abin ya shiga asibiti, kuma baƙin ciki ne ya ƙara masa ƙaimi. A 2007 ƙungiyar Mencap, mai fafutukar kare haƙƙin masu raunin koyo da fahimta a Birtaniya, ta fitar da rahoto a kan mutum shida daga cikinsu da suka rasu a hannun hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS. Ɗaya daga cikinsu ɗan shekara 43 ne, ba ya magana, ya samu shanyewar ɓarin jiki har ya kasa haɗiya. Kwana 26 ya yi a gadon asibiti ba abinci, saboda likitoci da ma'aikatan jinya ba su fahimci juna a kan batun cinsa ba, shi kuma ba shi da hanyar cewa yunwa yake ji. A Ingila wannan ya faru, ƙasar da masu hali daga nan ke tafiya neman magani. Bayan shekara shida, a 2013, wani bincike da Jami'ar Biristol ta jagoranta ya bi diddigin rasuwar mutum 247 masu raunin koyo da fahimta a kudu maso yammacin Ingila. Aka tarar mazansu na rasuwa shekara 13 kafin su kai inda sauran maza ke kaiwa, matansu kuma shekara 20.

Mun yi imani kowa da ajalinsa. Amma sakaci sunansa sakaci, kuma wanda aka ba amanar majinyaci za a tambaye shi. Abin da ke yawan faruwa kuwa mun san shi, domin a gidajenmu ma ana yi. Yaro mai galahanga ya fara cizon hannunsa, yana buga kai a bango, ya ƙi abinci, sai a ce, "Ai haka yake, larurarsa ce ta motsa." Alhali haƙori ne ke masa ciwo, ko kunne, ko ciki ya ɗaure kwana da kwanaki. Larurar da ake gani ta rufe ciwon da ba a gani. Da akwai layi ɗaya a rubuce mai cewa, "Ni ba na kuka idan ina jin ciwo, hannuna nake ciza," da likita ya san inda zai fara dubawa.

Shi ya sa asibitoci da dama a Ingila suka rungumi takardar, suka raba ta kashi uku da launin danjar kan titi. Jan shafi na abin da dole a sani ne kafin a taɓa mutum: maganin da yake sha, wanda jikinsa ba ya karɓa, yadda yake magana, wanda za a kira. Mai ruwan ɗorawa na rayuwarsa ta yau da kullum ne, ci da sha da barci da wanka da bayan gida. Kore kuma na abin da yake so da wanda ya tsana. Wasu sun bi sahu ta hanyoyinsu. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta yi wa tsofaffi masu ciwon mantuwa tata takardar. A birnin Tokiyo na Japan tun 2012 akwai wata jar alama mai farar zuciya da ake rataya wa a jaka, domin a gane mai larurar da ido ba ya gani. A filin jirgin sama na Gatwick kusa da Landan, a 2016 aka fara ba irin waɗannan matafiya wata koriyar igiyar wuya mai zanen fure. A 2019 kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya ta fito da irin takardar don ma'aikata, saboda idan an canza oga, kada ma'aikaci ya sake zama yana roƙon abin da aka riga aka amince masa da shi.

Sai dai zan ba ku labarin da ya kamata ya tsaya a ran duk ma'aikacin lafiyar da ke saurarenmu. Oliver McGowan matashi ne ɗan shekara 18, mai galahanga da farfaɗiya, ɗan makaranta mai son wasanni. A 2016 aka kwantar da shi a wani asibiti a Biristol saboda farfaɗiyar ta tashi. Shi da kansa da iyayensa sun roƙi kada a ba shi wani rukunin maganin taɓin hankali, domin an taɓa ba shi jikinsa bai karɓa ba. Aka ba shi. Ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya rasu a watan Nuwamban shekarar. Yana da takardarsa fa. Mahaifiyarsa, Paula McGowan, ta sha faɗa a bainar jama'a cewa an karɓi takardar an sa a durowa ba a duba ba. Binciken farko na mai binciken musabbabin mutuwa bai ga laifin bayar da maganin ba, amma wani bita mai zaman kansa a 2020 ya ce da yiwuwar a iya kauce wa rasuwar. Uwar nan ba ta zauna ba, sai da dokar lafiya ta Ingila ta 2022 ta wajabta horar da ma'aikatan lafiya da na kula da jama'a a kan galahanga da raunin koyo, horon da gwamnati ta tsara kuma sunan ɗanta yake ɗauke da shi. Na kawo wannan ne domin kada mu ruɗi kowa. Rabin aikin na mai rubutawa ne, rabi na wanda aka miƙa wa.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurarenmu, har yanzu muna tare a shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan takardar bayanin kai ta masu buƙata ta musamman.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa. "Malam, wannan ai matsalar Turawa ce. Mu nan wa ke zuwa asibiti shi kaɗai? Kowane majinyaci da mai jinyarsa a gindin gado." Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba, Allah ya bar zumunci. Amma mai jinya ma ɗan Adam ne. Yana barci, yana fita salla, ana aikensa sayen magani ko neman jini. A asibitoci da yawa idan likitoci za su yi zagaye sai a ce masu jinya su fita, wato a daidai lokacin da aka fi buƙatar bakinsu. Ɗakin tiyata ba a shiga da kowa. Ɗakin haihuwa miji ba ya leƙawa, ko da shi kaɗai ne ya iya maganar hannu da matarsa. Sannan ku duba gidan da ke da yaro mai larura mai nauyi, ku tambayi kanku mutum nawa ne suka san shi da gaske. Sau da yawa mutum ɗaya ce, uwarsa. Ita ta san kaurin kunun da yake iya haɗiya, ita ta san wane kuka ne na yunwa, wane ne na fitsari. Ranar da ta kwanta ciwo, ko aure ya mutu, ko ta riga mu gidan gaskiya, wa zai gaji wannan ilimi? Ga hatsarin mota, inda baƙi ne ke ɗaukar mutum su kai shi asibiti. Ga gudun hijira da ya raba iyalai a Borno da Zamfara da Katsina. Ga ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumban 2024, inda mutane suka fita cikin dare kowa na ta kansa. A irin wannan rana, takarda a cikin leda a aljihun yaro tana iya zama ita ce uwarsa ta wucin gadi har a gano danginsa.

Doka ma tana bayanmu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, Nijar ma ta riga ta tun 2008. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna musu wariya, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce a ba su fifiko a layi. Ta ce asibitin gwamnati da ke duba mai larurar magana ko ji dole ya tanadi hanyar fahimtar juna da shi. Ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida a kan mutumin da ya nuna wariya, kamfani ko ma'aikata kuma naira miliyan ɗaya. To amma doka a dunƙule take magana. Ba ta san cewa wane kunnensa na dama ne ke ji ba. Takardar bayanin kai ita ke fassara wa ma'aikaci dokar a kan mutumin da ke tsaye a gabansa.

Ɗauki misalin mace kurma da ta je awon ciki. Ta yi sammako, ta yanki kati, ta zauna a benci. Yaya ake kiran masu awo? Da baki. Aka kira sunanta sau uku, ba ta ji ba, aka ajiye katinta gefe. Tana zaune har azahar tana kallon waɗanda suka zo bayanta suna shiga suna fita. Da ta miƙa wa mai karɓar kati 'yar takarda mai cewa, "Ni kurma ce, idan layina ya zo a taɓa kafaɗata," da duk wannan bai faru ba. Kuma a nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: kurame ba harshe ɗaya suke yi ba. Wanda ya yi makaranta, irin ta Tudun Maliki a Kano, ya koyi maganar hannun makaranta, wadda tushenta daga Amurka yake. Dattijon da bai shiga aji ba kuwa maganar hannun Hausa yake yi, wadda ake gada a gari da ƙauye tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta yi nazarinta ta wallafa littafi a 2000. Saboda haka ana iya kawo tafinta, a yi ta faman juya hannu ba a fahimci juna ba. Sai takarda ta faɗa: wace irin maganar hannu nake yi, ina karanta Hausa ko Turanci ko ba na karatu, ina karanta leɓe ko a'a. Mai karanta leɓe kuwa ya rubuta, "A fuskance ni, a sauke takunkumi, kada a yi mini tsawa." Tsawa ba ta buɗe kunne, sai dai ta tona wa majinyaci asiri a gaban jama'a.

To, yaya ake rubuta ta? A samu lokacin da hankali ke kwance, ba ranar da ciwo ya tashi ba. A zauna da mai ita. Wannan sharaɗin ba na wasa ba ne, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na faɗi haka ne saboda mu iyaye da yayye muna da halin amsa tambayar da aka yi wa wani. Idan mutum na magana, a bar shi ya faɗa. Idan da hannu yake yi, a bi hannunsa. Idan ba ya ko ɗaya, a tara waɗanda suka fi saninsa, uwa da kaka da yayarsa da malaminsa, kowa ya kawo abin da ya lura da shi, sannan a karanta masa a dubi fuskarsa. Babba ne ko yaro, da muryarsa za a rubuta.

A fara da suna, da sunan da aka fi kiransa da shi, domin wani in ba ka ce masa Baffa ko Iya ba, ba zai waiwayo ba. Sai lambar wayar mutum biyu, kada a tsaya a ɗaya. Daga nan sai abin da in aka kuskure shi rai na iya salwanta. Mai farfaɗiya ya rubuta, "Idan na faɗi kada a sa mini cokali ko wani abu a baki, kada a danne ni. A kawar da abin da zai ji mini rauni, in na lafa a kwantar da ni a gefe. Idan ta wuce minti biyar a garzaya da ni asibiti." Mai wahalar haɗiya ya ce, "A zaunar da ni sosai kafin a ba ni abinci, kaɗan-kaɗan, kada a ɗura mini." Wanda lakarsa ta samu rauni ya ce a riƙa juya shi a kan kari, kamar duk awa biyu, domin ba ya jin zafin kwanciya kuma gyambo na iya kama shi. Sunan magani kuwa kada a rubuta da ka. A kwafe shi harafi da harafi daga kwalinsa, da adadin da ake sha, a kai wa likita ko mai haɗa magani ya duba. Kuma kada a ce "farar ƙwaya ƙarama", domin fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi a ƙirga. Idan ana shan na gargajiya, shi ma a faɗa, ba abin kunya ba ne, likita na buƙatar sani.

Bayan wannan sai abin da ke kare mutunci, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin shi aka fi rainawa. Makaho ya rubuta, "Ka faɗi sunanka idan ka shigo, ka gaya mini kafin ka taɓa ni, ka sanar da ni idan za ka fita." Ku yi tunanin mutum na kwance, ba sallama ba komai, sai ya ji allura a hannunsa. Ko yana ta magana, ashe likita ya daɗe da fita. Sannan a kantin magani zane ake yi a jikin ambulan, layi ɗaya safe, biyu dare. Wanda ba ya gani me zai yi da zane? Sai ya nemi a bambanta masa da abin da hannu ke ji, a ɗaura wa na safe zare ɗaya, na dare biyu. Mai keken guragu ya ce, "Kada a tura ni sai an tambaye ni, kada a ɗauke mini kekena a kai waje." Zabiya a makaranta ya ce a zaunar da shi a gaba, a ba shi rubutu mai manyan haruffa, kada a tsayar da shi a rana. Wanda kuturta ta taɓa wa yatsu ya rubuta cewa na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta kama nasa, don ma'aikacin banki ya nemo wata hanya tun kafin layi ya fara gunaguni. Mace ta rubuta cewa mace take so ta taimaka mata wajen wanka da bayan gida. Mutanenmu masu kunya ne. Abin da baki ba zai iya furtawa a gaban baƙo ba, takarda na faɗinsa ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba.

Akwai jimla ɗaya da zan so in gan ta a kusan kowace takarda: "Ni za a tambaya, ba wanda ya rako ni ba." Dattijo mai gemu, mai 'ya'ya da jikoki, don kawai idonsa ya tafi, sai ka ji ma'aikaci ya juya wajen ɗan jagora ɗan shekara goma yana cewa, "Kai, me ke damunsa?" Ga Baba a zaune, kunnensa ras, hankalinsa ras. Abin da ya dace shi ne, "Baba, sannu da zuwa. Ni ce nas ɗin da za ta duba ka. Ina ke maka ciwo?" Ba kuɗi ake kashewa a yi haka ba.

Kada kuma takarda ta zama jerin rashi zalla. A faɗi abin da mutum ke iyawa da abin da yake so. "Ina cin abinci da kaina, a dai yanka mini nama." "Karatun Alƙur'ani na kwantar mini da hankali." "Ina tsoron ƙarar janareta." Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne, amma shi ne bambancin yaron da aka yi wa allura cikin lalama da wanda ƙarti huɗu suka danne.

(Ɗan kiɗa)

Sai batun sirri, kuma a yi hattara da shi. A ƙasarmu har yau akwai larurar da in ta fita ana fasa aure a kanta, ana hana mutum aiki ko gidan haya. Saboda haka ba kowa ake ba komai ba. Abin da likita ke buƙatar sani daban, na malamin makaranta daban, na ma'aikacin banki kuwa bai wuce layi biyu ba. Gara a yi guda biyu, cikakkiya ta asibiti, da ƙarama kamar katin waya ta yau da kullum. A ƙaramar ma ba dole ne a ambaci sunan larura ba. "Ina buƙatar a yi mini magana a hankali, a ba ni lokaci in amsa" ya wadatar. Takardar mallakin mai ita ce, shi ke da ikon nunawa ko ɓoyewa. Kada wani ya ɗauki hotonta ya watsa a WhatsApp ko Facebook da sunan neman taimako ba da yardarsa ba. Kada kuma a bari wani ya karɓi kuɗin kowa da sunan zai yi masa rajistarta.

Ku kuma 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya, mun san halin da kuke ciki. Nas ɗaya da ɗaki guda cike da majinyata, dare ya raba, wuta ta ɗauke, ana haska fayil da fitilar waya. Ba za mu ce ku karanta littafi ba, shi ya sa muke jaddada wa jama'a shafi ɗaya, abu mafi hatsari a sama, da manyan haruffa. Minti biyun da za ku kashe a kanta ya fi awa guda da za ku ɓata kuna kokawa da majinyacin da ba ku san abin da ya firgita shi ba. Idan kun karanta, kada ta tsaya a kanku. A maƙala ta a gaban fayil ko a kan gado in mai ita ya yarda, a kuma ambace ta lokacin miƙa aiki, domin wadda ta karanta da safe ba ita ce za ta kwana ba. Ba ta maye gurbin bincikenku da iliminku. Kuma bayan kun karanta, ku ɗago ku dubi mai ita, ku tambaye shi ko abin da ke ciki har yanzu haka yake.

Da wane harshe za a rubuta? A Najeriya a yi Hausa a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen, saboda ba kowane likita ke jin Hausa ba, musamman masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga kudu. A Nijar da Kamaru da Chadi a haɗa da Faransanci. Wanda ajami ya iya, ya rubuta tasa da ajami don ya san abin da ke ciki, sannan a juya masa zuwa boko. A kai shagon kwamfuta a buga, a manne ta da leda saboda ruwa da gumi. Ɗaya a aljihu ko jaka, ɗaya a gida inda kowa ya sani, ɗaya a wurin ɗan'uwa. Mai babbar waya ya ɗauki hotonta, ko ma a yi ɗan gajeren bidiyo da ke nuna yadda ake zaunar da shi da yadda ake ba shi abinci, amma kada a dogara da waya kaɗai, caji na ƙarewa. A sa kwanan wata a ƙasa, kuma duk lokacin da aka canza magani ko lambar waya a sake sabuwa a yaga tsohuwar, domin tsohon bayani a kan magani na iya cutarwa fiye da rashinsa.

Ba sai kowane gida ya yi wannan shi kaɗai ba. Muna da ƙungiyoyin kurame da na makafi da na guragu da na zabaya, ga haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, JONAPWD, ga Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a garuruwanmu, ga malaman makarantun musamman. Idan shugabanni suka ware yini guda a wajen taron wata, aka gayyato ma'aikacin lafiya ɗaya ya duba sunayen magani, da ɗalibai biyu-uku masu kyan rubutu, mutane da yawa za su koma gida da takardarsu a hannu. Daga nan sai wakilai su ɗauki samfuri su kai wa shugaban asibitin garin da shugabar ma'aikatan jinya, domin ranar da aka fara miƙa ta a taga, a tarar an san da zuwanta.

Jama'a, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi mana halinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)